Matakalar Ɗakin Sama

Litinin, 8 ga Janairu
Banki ya yarda. Gidana na Sudbury a Kanada, wanda ni da mijina marigayi Ray muka biya da gumin tuƙin bas, yau na jinginar da shi ina zaune a nan garin Coatepec da silifas a ƙafa. Da kuɗin zan gina ɗaki a saman rufin gidan Doña Eufrosina, wadda nake haya a wurinta tun da na fara cin fansho. Rodin nan da suka yi cirko-cirko a rufinta sun gaji da jiran bene. Da na gaya mata sai ta rungume ni, ta ƙara min wake. Ita kowane labari da wake take amsa shi.

Laraba, 17 ga Janairu
Keith ya kira daga Kanada. Ɗana ne, amma ya fi kakata tsufa. Wai na ɗauki gida mai takarda na zuba a rufin da ba sunana. In Doña ta rasu, ko muka ɓata fa? In fansho ya kasa biyan banki aka karɓe gidan, ina zan koma? Na ce ya je ya kwashe ƙanƙarar ƙofar gidansa. Bayan na ajiye waya dai... gaskiya ya faɗa, ja'irin. Na tsorata, ko kofi bai yi min daɗi ba.

Juma'a, 2 ga Fabrairu
Na ci tamales, alalar masarar garin nan, har na kasa sunkuyawa. Bangon ɗakin ya kai ƙuguna.

Talata, 20 ga Fabrairu
Maestro Lencho, magininmu, ya zo da tambaya: matakala ta waje ko ta ciki? Ta waje daga titi za ta hau, ƙofata daban, makullina daban. Lauyan da Keith ya samo min ya ce da ita za a iya rubuta saman da sunana, in sayar in na tashi komawa. Ta ciki kuwa sai an fasa rufin kicin, ta sauka tsakanin murhu da kujerar Doña, kuma babu takarda, sai amana. Kowa a layin nan ya san ɗan haya ta waje yake hawa, ɗan gida ta ciki.
Doña tana ta goge tukunyar da ta riga ta wanke.
"Ki yi ta waje, Berni, kuɗinki ne," in ji ta. "Ni ma na huta da takunki, kamar jaki a kan gada."

Asabar, 9 ga Maris
An zuba rufin ɗakina! Maƙwabta duk sun fito da bokitai, miƙo nan, karɓa can. Muka ciyar da su kaza da miyar mole. Na ɗauki bokiti ɗaya don kar a raina ni, Lencho ya ce in ajiye, simintin ya fi bayana tsada. Na yi dariya har da hawaye. Ya ce maganar matakala fa ba za ta wuce mako mai zuwa ba.

Alhamis, 14 ga Maris
Banki ya ciri kasonsa na farko. Fansho ya rame, na daina hawa tasi. Ga mura. Duk da haka na hau tsanin katako na zauna a ɗakin da ko taga ba a sa ba, ina kallon gonakin kofi. Sai ga kan Doña ya ɓullo, tana haki, da kwanon romo a hannu ɗaya. Mace mai ciwon gwiwa!
"Tsohuwar banza, in za ki mutu ki sauko ƙasa ki mutu, ba mai ɗauko gawa daga nan."
Ta tsaya a kaina sai da na shanye.

Talata, 19 ga Maris
Na ce wa Lencho ta ciki. Saboda ruwan sama ne kawai, garin nan matakalar waje santsi take yi, haka na gaya wa Keith. An fasa rufin kicin da safe, ƙura ko'ina, Doña tana zagin kowa tana share ido, wai siminti ne ya faɗa mata. Lauya ya kira, ban ɗauka ba.
A waya Keith ya tambayi me za a yi da gidan Sudbury. Na ce ya zuba 'yan haya, kuɗinsu ya riƙa biyan banki. Ya ce na wata nawa, Mama?
Na ce ya nemi masu ƙananan yara, waɗanda ba sa gaggawar tashi.