Jan Katin da Na Kasa Ɗaga wa Surukina

Assalamu alaikum ma'abota wannan shafi. Ina gaida mai kula da shi, ina kuma roƙon a ɓoye sunana da na garinmu. Don Allah wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, ko da yake babu zagin da za ku yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a wani ƙauye kusa da Madarumfa, shi ya sa kowa ke ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu daga Faransanci. Idan babban hutu ya zo da damina, samarin ƙauyuka sukan shirya gasar ƙwallo, ni kuma nake hura musu usur. Ba yabon kai ba, an san ni da rashin kallon fuska. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya na taɓa kora da jan kati a gaban duk garinmu, ya yi sati biyu ba ya gaishe ni, ko a jikina. Tun daga ranar, duk wasan da ake tsoron rigima sai a ce a kira Mushe. Kaina ya yi girma, ina ganin babu mahalukin da zai hana ni ɗaga kati.

Bara aka zo wasan kusa da na ƙarshe, tsakanin wata ƙungiya daga wajen Gabi da wata ta bakin tabki. Alƙalin da aka gayyato daga Ɗan Issa ruwa ya tare shi a hanya, sai aka ce ni in hura. Allah ya sani na faɗa musu cewa yayan matata yana cikin 'yan Gabi. Ɓangarorin biyu suka kwashe da dariya, kyaftin ɗin 'yan tabki da kansa ya ce, "Haba Mushe, kai da kak kori ƙanenka? Amshi usur mu yi wasa." Na karɓa. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, ƙane daban, suruki daban. Wannan bawan Allah ba wa ne kawai ga matata ba. Ubansu ya rasu tana ƙarama, shi ya riƙe ta, shi ya ba ni ita. Ban taɓa faɗin sunansa ba, ko yanzu da nake rubutu hannuna ya ƙi, sai dai in ce Yaya. In na je gidansa tun daga ƙofar zaure nake cire takalmi, a durƙushe nake gaishe shi, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Shi kuma ɗan baya ne, ƙato, shekaru sun fara cin gudunsa, duk wanda ya wuce shi da ƙafa yake tsayar da shi.

Wajen minti na ashirin wani ɗan gaban 'yan tabki, zan kira shi Sani, ya yanke Yaya ya wuce. Yaya ya biyo shi ta baya ya shiga da ƙafa biyu, ƙasan takalminsa a kan idon sawun Sani, ƙwallo kuwa ta riga ta yi gaba. Ina tsaye bai fi taku goma ba. Wallahi na gani. Ko ɗan koyo ya san wannan jan kati ne. Na hura usur, hannuna ya tafi aljihun baya, har na taɓa katin. Amma ku da kuka san aikin kun san yadda ake ba da kati: ka kira mutum, ka tsaya gabansa, ka dube shi ido cikin ido, ka ɗaga katin sama da kansa jama'a na kallo, ka nuna masa waje. Yaya ya miƙe yana kakkaɓe wando, ya dube ni ya ce, "Lahiya, Mushe?" Kawai sai na ga idona a ƙasa, kamar ina zaurensa. Ban san lokacin da hannuna ya fito babu komai ba. Ko kati mai ruwan ɗorawa ban ba shi ba, bugun tazara kawai na bayar. Sani ya taso yana ɗingishi ya ce, "Mushe, mutumin ga kashe ni za ya yi hwa." Kun san abin da na ce masa? Na ce, "Tashi ka yi wasa, ban ga komi ba." Ni na faɗi haka da bakina.

Bayan an dawo hutun rabin lokaci, Sani ya sake wuce shi, Yaya ya sake shiga daidai irin ta farko. Wannan karon ƙarar muka ji, kamar an taka busasshen karan dawa. Sani ya yi ihu ɗaya ya yi shiru. Ƙafar ta lanƙwashe a wurin da babu gaɓa. Kafin in yi wani abu samarin tabki sun cika fili, wasu sun tsinko itacen shinge, 'yan Gabi su ma sun ja daga. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce a saurara, a tambayi Mushe, shi ne kusa. Kowa ya zuba mini ido. Na ce karo ne, su biyun ƙwallo suka je wa, tsautsayi ne. Nan take sanduna suka sauka, saboda Mushe ba ya ƙarya. Haka kuma na rubuta wa masu shirya gasar, ba a dakatar da kowa ba. Har yau ina tambayar kaina, don in hana zub da jini na faɗi haka, ko don in rufa wa kaina asiri? In na ce shigar ganganci ce, ai tambaya ta gaba ita ce me ya hana ni korarsa tun ta farko. Da na ɗaga katin nan a minti na ashirin, da Yaya yana bakin fili a zaune lokacin da Sani ya sake karɓar ƙwallo.

Ni na ɗauki Sani a moto, wato babur, wani ɗan'uwansa ya tallafe shi ta baya, muka kai shi likita a Madarumfa. Daga baya danginsa suka mai da shi wajen maɗori. Ƙashin ya kama, amma a karkace. Sani masunci ne, ga gonar gero, ga mata da tsohuwar uwa. Yanzu ba ya iya daɗewa a tsaye cikin jirgi, balle jan koma. Da lokacin maimai ya yi na tara samari muka yi masa gayya, da kaka ma na je yankan gero, kusan kowace Juma'a ina gidansa. Mutane sai sa mini albarka suke, wai ba su taɓa ganin alƙalin wasa mai tausayi irina ba. Tausayi? Duk sanda aka faɗi haka ji nake kamar in nutse cikin ƙasa. Bayan kwana uku da abin, Yaya ya aiko a kira ni. Na durƙusa kamar kullum, ya ce, "Ka san girma, Mushe. Allah shi yi maka albarka." Na ce amin. Shi bai taɓa taka gidan Sani ba, kuma bana ma ya buga gasa. Matata ba ta san komai ba, ita dai ta ga na daina hura usur, na ce mata gwiwa ke damuna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata rana muna zaune ƙofar gidan Sani yana gyaran komarsa ta kamun kifi, sai ya ce, "Mushe, ni dai ji na yi kamar ta baya anka zo mani, har sau biyu. Amma kai ad da ido, kai kag gani. Hala zahin ciwo ya ruɗa ni." Jama'a, mutum da ƙafarsa, da ciwonsa, ya ƙaryata abin da jikinsa ya ji saboda ya yarda da ni. Bakina ya buɗe, maganar ta zo har maƙogwaro, sai na ji kaina ina cewa, "Ƙaddara ce, Sani." Ya ce haka ne, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Da na ci gaba da haɗiyewa, amma ranar Litinin matarsa ta haihu, namiji. Jiya ya zo gidana da sandarsa, tafiyar da a da minti kaɗan ce ya yi ta yana hutawa a hanya. Ya aje mini goro ya ce, "Ran suna kai za ka zamna kusa da liman. Sunanka za a sa ma yaron ga. Ran da kowa ke neman hwaɗa, kai ɗai ka tuna da ƙahwata." Na ce ya sa sunan mahaifinsa mana, ya ce ya riga ya gaya wa dangi, magana ta ƙare. Bayan ya tafi na shiga ɗaki na yi kuka kamar ba namiji ba.

In na faɗa masa gaskiya, maganar ba za ta tsaya a tsakaninmu ba. Za ta kai ga samarin tabki, ta kai Gabi, ta kai kunnen Yaya, kuma ban san ko matata za ta sake kwana a gidana ba in aka ce ni na tona wa wanda ya riƙe ta asiri. In kuma na yi shiru, zan zauna kusa da liman in shafa fatiha, yaron nan ya tashi yana amsa sunan mutumin da ya bari aka karya ubansa, ya kuma yi masa ƙarya a kai. Duk sanda Sani ya kira ɗansa, ni zai kira.

Malamai da iyaye da ke wannan shafi, saura kwana uku suna. Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?