Kowalar da Ba Ta Waiwayo Ba

Baba,

Ina gaishe ku, kai da Mama. Ya gonar gwaza, ya ƙafarka?

Lafiya nake a Queensland. Yakushin da ke hannuna bai kai a faɗa wa Mama ba, a dai aiko min da man kwakwa.

Ka tuna ka ce, "Mereoni, shanun Fiji za ki bari, ki je jinyar naman dajin da ba ya godiya?" To, an kawo mana kowala, 'yar dabbar nan mai kwana a bishiya, cutar da muke bincike ta rufe mata ido. Na yi jinyarta ta warke. Jiya na mayar da ita bishiyar da aka tsince ta. Ta haye abinta, ko waiwaye babu.

Gaskiyarka, Baba, ba ta gode ba. Amma da idonta ta zaɓi reshen.

'Yarka,
Likita Mereoni