Makahon Gida

Wara, watan Afrilu

Zuwa ga mahaifina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki, ya ƙafar taka? Ina fatan Inna tana hana ka hawa katangar mutane, ko da yake na san magini ba ya jin magana in ya ga tsani.

Baba, mun gama gidaje ashirin na masuntan da ambaliya ta tasa bara. Gidanmu na Yauri na zana musu: zaure, tsakar gida, da doguwar katanga irin taka. Tubalin ƙasa ne, ɗakuna sanyi ƙalau. Shugabannin ƙungiyarmu sun yaba, har za a ƙara arba'in da wannan zanen.

Ka ce in wuni tare da mutanen kafin in ja layi ko ɗaya. Ban samu dama ba. Amma ai gida gida ne.

Ɗanka,
Yusha'u

Wara, watan Yuli

Baba,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta Inna. Ni lafiyar jiki kawai gare ni. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagewa.

Ashe masuntan nan in sun dawo daga kamun kifi da hantsi, sai su ɗaure jiragensu a bakin ruwa su kwanta. Matan ne idanunsu. A tsoffin gidajensu suna bandar kifi a tsakar gida, suna hangen tafki ta saman darnin da bai wuce ƙirji ba. Da ruwa ya sauya launi sai su ta da mazan, a ja jirage tudu. Haka suka gada, wuni ɗaya ya isa in gani.

Ranar Talata hadari ya taso da azahar ta wajen tafki. Babu matar da ta gani, katangata ta tare. Kafin iska ta shigo gari, igiyar ruwa ta riga ta maka jirage shida da duwatsu. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Amma Malam Mamuda, wani dattijo mai ciyar da mutum goma sha ɗaya, katakon nasa jirgin ya tsinto ɗaya bayan ɗaya.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Lokacin gini, matarsa Hansatu ta same ni ta roƙa a rage katangar. Ban tambaye ta dalili ba. Na yi dariya, na ce mata sutura ce, nan gaba za ta gode mini. Ni da ban taɓa riƙe filafili ba, ni ke koya wa matar masunci zama.

Kowa ya ce ƙaddara ce, rahoton ofis ma iska ya ɗora wa laifi. In na yi shiru, babu mai sani, ranar Litinin a sa hannu a kan sauran arba'in ɗin. In na yi magana, wataƙila a karɓe aikin daga hannuna. Baba, kwana huɗu na yi shiru, ina jin kunyar faɗa maka.

Jiya na je gidan Malam Mamuda jaje. Na tarar ya fasa katangar ta wajen ruwa da diga, Hansatu tana kwashe ƙasar. Na zaci zai zage ni, da ma ya yi, da na samu sauƙi. Sai ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo kifi, ya ce, "Gidan ya yi kyau, ɗana, Allah shi saka. Makaho ne kawai."

Na bar kifin nan ban ci ba.

Litinin zan faɗa wa shugabanninmu komai, har maganar Hansatu. In ƙafarka za ta bari, ka zo kafin nan, mu wuni a tsakar gidanta. Ita za ta nuna inda katanga za ta tsaya, ni in riƙe igiyar awo.

Ka gaida Inna. Ka yafe mini.

Ɗanka da bai ji magana ba,
Yusha'u