Sunan Ƙauyen Kakata a Kan Allon Wasa

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara kafin Asabar, raina a dagule yake.

Ni mai fenti ne, allunan shaguna nake rubutawa, karatuna bai yi nisa ba. Duk Asabar muna taruwa a falon yayan matata mu yi wani wasa na kan tebur. Shi ke ba da labari, kowannenmu ya ɗauki jarumi ɗaya, a jefa ƙwayar lido a ga mai nasara. A labarin, mun zo da jiragen ruwa muna cinye wani tsibiri, wai mutanensa ba su waye ba.

Ni Yayan ya sa na zana taswirar tsibirin a jikin katako, ya ce in ƙirƙiro sunayen garuruwa. Kaina ya ƙulle, sai na sa sunayen ƙauyukan su kakata, waɗanda aka tasa tun ba a haife ni ba, aka ba wani kamfani ƙasar. Ban gaya wa kowa ba.

To, dokar ita ce duk wanda ya ci gari zai raɗa masa sabon suna, ni kuma in shafe tsohon da farin fenti. Suna shewa, ni ina shafewa. Na lura mutanen tsibirin ba su taɓa buɗe baki ba, sai gudu ko mutuwa. Yanzu ƙauyen da aka haifi kakata kaɗai ya rage.

Yaya shi ya tsaya mini na auri ƙanwarsa, ga shi ba ya son a tanka masa cikin mutane. In na ƙi shafewa, zai ce na raina shi. In na shafe, da wane ido zan dubi tsohuwar nan?

Mai Fenti

Ƙanena, sannu da haƙuri. Amma fa Yaya bai san abin da ke ƙarƙashin fentin ba. Shi wasa yake yi, kai kaɗai ke zaman makoki. Kai ma kana da gaskiya, labarin da mutanen cikinsa ba su da baki labarin mamaya ne, ko da a kan katako yake.

Kada ka jira Asabar. Ka same shi shi kaɗai, ka gaya masa inda sunayen suka fito, ba da sigar zargi ba. Ka roƙe shi ya bar ka ka ajiye jaruminka, ka tsaya wa mutanen ƙauyen, kai ne bakinsu. Mai son labarinsa zai so wannan, don wasan ƙara armashi zai yi. In ya ƙi, ka ba shi haƙuri ka ajiye buroshi. Wannan sunan dai kada ka shafe shi da hannunka.

Allah Ya daidaita ku, Ya ƙara wa Kaka lafiya.