Ni Na Toshe Kafireton Malamin Asibiti

Assalamu alaikum Edita, da duk mai karanta wannan shafi. A sakaya sunana. Ban yi boko ba, sai da na je Kano na sami mai rubuta wasiƙa wanda bai san ni ba. Ku ji ƙarshen zancen kafin ku tsine min.

Ni tsohon soja ne, a can na koyi taɓa inji. Da aka sallame mu na kafa rumfar gyaran keke a Kwanar Dangora. Daga Bebeji har Tudun Wada, in babur ya ƙi tashi ni ake nema, baburan ma ba su da yawa. Ɗaya na malamin asibiti ne, saurayi mai kunya, yana zaga ƙauyuka da akwatin magani ɗaure a baya. Kofur yake kirana.

Bazarar da ta wuce sanƙarau ya shigo. Matata ta kwanta, wuya ya sandare, ba ta gane kowa. Na riga na binne 'ya'yana duka, ita kaɗai ta rage min. Sai ga Malam ya biyo, zai wuce wani ƙauye a ƙasar Doguwa inda ciwon ya fi tsanani. Ya yi mata allura, ya ce, "Kofur, da son samu ne a riƙa yi mata kullum, amma can ana jirana." Sannan ya ce in duba masa babur, yana ɗan tari in ya tsaya a silo, wato yana kunne ba a murza totur ba. Datti ne kawai. Na kwance kafireto, na wanke da fetur, na hura. Akwai wani ɗan rami kamar kafar allura, ta nan mai yake bi in an saki totur. Na karyo tsinin ƙayar aduwa na cusa a ciki, na mayar na ɗaure. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba. Da hankalina na yi.

Babur ya tashi da ƙyar, da an sassauta totur sai ya mutu. Wa zai shiga yashi da kwazazzaban Doguwa da irin wannan? Malam ya yi ta buga kik har gumi ya jiƙa rigarsa. Ni kuma na shiga gyaran ƙarya. Yau in goge fulogi, gobe in tace fetur da ƙyalle, in juya sukurun iska gaba in dawo da shi baya, shi yana tsugune a gefena ya tara min notuna a hularsa kada su ɓace a ƙasa. Ya ce, "Ko mai ne ya yi masa yawa?" Na ce, "Malam, kai da allura, ni da sifana." Da ya gaji ya ce in ara masa keke. Na ce, "A wannan zafin ranar? Kafin la'asar babur zai tashi." Ya yarda, don ban taɓa yi masa ƙarya ba. Kullum yana shiga ya yi wa matata allura. Ranar da ta buɗe ido ta nemi kunu, na zare ƙayar. Babur ya zauna a silo sumul. Malam ya kama hannuna yana ta godiya.

Da ya isa ƙauyen, sababbin kaburbura ya tarar. Ban tambayi nawa ba. Da ya je da wuri, da sun rayu? Allah ne masani. Na ga gawa iri-iri a soja, ban taɓa kasa cin tuwo ba sai bana.

Yanzu mutanen ƙauyen sun kai ƙara gaban hakimi, wai Malam ya ƙi zuwa, ya zauna a Kwana yana hutawa. Za a raba shi da aikinsa. Ya zo rumfata ya rame. Ya ce, "Kofur, kai kaɗai ne shaidata. Ka yi alwala ka dafa Alƙur'ani, ka ce lalacewa ce daga Allah, ba hannun kowa." Na ce, "Na ji." Ya ce, "Ka ji, ko za ka zo?" Na ce, "Zan zo."

In na noƙe, na kashe shi sau biyu. In na rantse, ya tsira, ni kuma na dafa Littafin Allah a kan ƙarya, kowa ya san ƙarshen mai yin haka. In na faɗi gaskiya, gidan yari bai dame ni ba, na kwana a inda ya fi shi muni. Matata ce. Har sadakar waina ta yi, tana cewa Allah ne ya tsayar da babur don ya cece ta. Wannan matar ko kaza ba ta iya kallo ana yankawa. Ta yaya za ta rayu in ta ji abin da aka biya? Abin da ya fi ba ni kunya kuwa, da za a mayar da ni waccan ranar, ba na jin zan fasa. Malamai, ana karɓar tubar wanda zuciyarsa take haka?

Ranar zama gaban hakimi ta matso. Malam ya ce kada in wahalar da kaina da keke, shi zai zo ya goya ni. Me zan yi?