Nafkin Mai Sitaci

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara duka. Allah ya sauƙaƙa maka aikin da ya kai ka nesa da mu, ya dawo mana da kai muna raye. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwar Umma ta yi sauƙi tun da aka canja mata magani, har ta koma yi wa jikokinta faɗa a tsaye, ka kuwa san a wurinta wannan ce alamar lafiya. Yarana suna makaranta, babban ya fito da gashin gemu guda huɗu, ya hana kowa sakat da madubi. Shago yana tafiya, tsohon keken ɗinkina bai gaji ba, ni ce dai na fara gajiya.

Saƙon muryar da ka turo na saurare shi har sau uku. Ka ce mijin Auta ya kira ka, ya ce na shiga gidansa na kwashe masa mata da ɗa a kan maganar nafkin kawai, na kuma ci masa mutunci a gaban maƙwabta. Ka ce in bar shisshigi, in je in ba shi haƙuri, in mayar da ƙanwarmu ɗakinta. Ban amsa maka ta waya ba domin na san bakina, kai kuma yayana ne. Shi ya sa na rufe shago da wuri na zauna na rubuta. Ka karanta har ƙarshe, sannan ka yanke hukunci.

Ka san mutumin, abokinka ne tun kafin ya zama surukinmu. Mu nan Malam Bincike muke ce masa, domin ko gishiri za a sa a miya sai ya ce bincike ya nuna. Tun cikin Auta yana wata bakwai ya karanta a wayarsa cewa nafkin na yarwa yana cika duniya da shara, ya tashi ya sayo na wanki guda ashirin da huɗu, farare tas, masu maɓalli a gefe. Duk wanda ya je gidan sai ya baje su a kan tebur ya yi masa lacca. Ranar da na kai musu kyautar ƙunshi biyu na yarwa, ya karɓa da yatsa biyu, ya ɗora a saman kabad, ya ce ya gode amma a gidansa ba a gurɓata muhalli. Wannan fa mutumin da idan ya sha ruwan leda a mota ta taga yake wurga ledar.

Kada ka ɗauka ina da faɗa da nafkin na wanki. 'Ya'yana huɗu duk da shi na raine su, ni na yanka yadin na ɗinka da hannuna, kuma ba wanda ya taɓa yin ko ƙurji ɗaya. Amma ni a ƙasa nake zaune, famfo yana bakin ƙofata, Umma tana kusa, kuma ba a tsaga mini ciki ba. Auta tiyata aka yi mata aka ciro yaron. Ina tsaye likita ta ce kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi, kada ta daɗe a sunkuye, har sai ɗinkin ya kama. Malam Bincike yana wurin, har da gyaɗa kai da rubutawa a ɗan littafinsa. Gidansu kuma hawa na uku ne, ruwan famfo ba ya hawa can sai ya ga dama, yawanci a ƙasa ake tara a hau da shi.

Sati biyun farko ni na zauna da su. Ni ke jiƙawa, ni ke wankewa, ni ke tafasawa a babbar tukunya, domin ya ce bincike ya nuna dole a wanke su da hannu, a gida, a tafasa, kada baƙon hannu ya taɓa su. Na daure na yi, saboda Auta. Da zan koma shago ya raka ni har bakin titi, ya ce in kwantar da hankalina, ya tsara komai.

Kwana goma bayan nan na leƙa su ba sanarwa. A kan matakala na tarar da ƙanwarka, Yaya, tsakanin hawa na ɗaya da na biyu, bokiti cike da ruwa a hannun dama, hannun hagu dafe da mara. Tana hawa taki ɗaya, ta dire bokitin, ta numfasa, ta sake ɗauka. Da ta gan ni sai ta yi murmushi ta ce motsa jiki take yi. Ka san Auta, ko ƙafarta aka taka ita ce za ta ba da haƙuri. Na karɓi bokitin muka hau. Mai gidan yana falo a miƙe a kan doguwar kujera, fanka tana kaɗa shi, yana karanta wani abu a waya. A baranda kuwa nafkin goma sha ɗaya ne a kan igiya, sai ɗiga suke yi.

Na ja ta ɗaki na ce ta ɗaga riga. Shekara ashirin ina kan keke, na san yadda ɗinki yake idan an ja shi fiye da ƙarfinsa. Gefen hagu ya yi ja, ya kumbura, ya ɗan buɗe yana fitar da ruwa. Hankalina ya tashi ƙwarai, ban kuma ɓoye ba. A ranar na kai ta asibiti, nas ta wanke wurin ta rufe, ta tambaya wa ke mata wanki a gida. Auta ta sunkuyar da kai. Nas ta ce idan aka sake, sai an koma ɗakin tiyata.

Da muka dawo na ba shi zaɓi biyu, cikin ladabi, Allah ne shaidata. Na ce ko a sauko da na saman kabad har ta warke, ko shi ya karɓi bokiti. Ya yi wata 'yar dariya ta raini, ya ce wanki ba wani abu ba ne, mata ne ke mayar da shi aiki saboda rashin tsari. Ya ce shi zai yi, zai kuma nuna mana yadda ake yi. Ya ɗauko takarda da rula ya zana jadawali, lokacin jiƙo, lokacin ɗauraya, lokacin shanya, ya manna a ƙofar banɗaki. Jadawalin ya yi kyau, ban hana shi ba.

Auta ta ba ni labarin yadda aka kaya. Ranar farko ya ɗaure hanci da hankici, ya sa safar hannu har gwiwar hannu, ya wanke guda uku cikin awa ɗaya da rabi, ya fito yana haki kamar wanda ya tura mota. Daga ranar ba a sake ganinsa a gaban bokiti ba. Sai ya riƙa fita da leda da safe, ya dawo da leda da yamma. Nafkin ɗin suna dawowa farare fes, a ninke, da karin guga a tsakiya. Ya jera su a kan gado ya ɗauki hoto, ya turo mini, ya rubuta a ƙasa cewa tsari ke nan. Wato binciken da ya hana baƙon hannu taɓa su ya canja ra'ayi ranar da aikin ya faɗo kan mai binciken.

Cikin kwana huɗu yaron ya ƙi kwanciya, ya ƙi nono, sai kuka. Duk fitsarin da ya yi sai ya bi ta gefe ya sauka a zanin gado, nafkin ɗin kuwa kusan a bushe. Cinyoyinsa da matsematsinsa suka yi jawur, fatar ta saluɓe. Malam ya ce zafin gari ne. Ga abin da ya fi ƙona mini rai: jadawalinsa na nafkin ne kawai, ba zanin gado a ciki. Saboda haka yarinyar da aka raba da wankin tsumma mai faɗin tafin hannu biyu ta koma wanke zanin gado uku a rana, tana matsewa, tana ɗagawa kan igiya, shi yana ofis. Ranar Laraba da hantsi ta kira ni, muryarta can ƙasa, ta ce Yaya ki zo, rigata ta jiƙe kuma ba ruwa ba ne.

Ban san yadda na hau benen nan ba. Na same ta zaune a ƙasan banɗaki ta jingina da bango, yaron yana ta tsala kuka a gado. Na ɗauko nafkin guda daga cikin jerin don in canja masa, sai na ji shi a hannuna kamar kwali. Na tsayar da shi a kan tebur, ya tsaya da kansa. Na zuba masa ruwa daga kofi, ruwan ya gangara ya zube ƙasa. Sitaci ne, Yaya, sitaci mai ƙarfi irin wanda ake sa wa manyan riguna.

Bayan an kwantar da Auta a asibiti na je wurin mai wanki da guga na bakin layinsu, wanda ya shekara goma yana wanke wa Malam fararen kayansa. Dattijo ne mai hankali, har ya ba ni tausayi. Ya ce da aka kawo masa kayan ya tambaya yaya za a yi su, Malam ya ce kamar kullum. Ya ce ya sake tambaya, domin shi ma uba ne, ya san kayan jarirai ba a sa musu sitaci. Malam ya ɓata rai ya ce ɗansa ba zai sa abin da bai kai kayan ubansa kyau ba, kuma ba ya son yawan tambaya. Mutumin da ya karanta shafi ɗari a kan nafkin bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa mene ne aikin nafkin ba.

An sake yi wa Auta ɗinki, ta kwana biyu a asibiti. Daga can gidana na wuce da ita da yaron, ban nemi izinin kowa ba, kuma ko yau aka maimaita haka zan yi. Da na je ɗaukar kayansu Malam ya tare ni a matakala, yana cewa laifin mai wanki ne, zai canja wani. A nan ne na faɗa masa abin da ya kai maka ƙara a kai. Na ce ya ji kunya, ya iya tausayin duniya gaba ɗaya amma ya kasa ganin matarsa a kan matakala. Na ce namijin da ba zai iya sa hannu a kashin ɗansa ba bai isa ya kafa doka a kansa ba. Maƙwabta sun ji, gaskiya ne, domin ban rage murya ba. Na kuma hau kujera na sauko da ƙunshina biyu daga saman kabad.

Yanzu yaron yana sa na yarwa, ana shafa masa man da aka ba mu a asibiti, fatar ta fara komawa daidai, yana barcinsa har da munshari. Auta tana cin abinci, Umma ta kafa kujera a bakin ƙofarta, ko kofi ba ta bari ta ɗauka. Shekaranjiya ina tsefe mata kai na tambaye ta ita wanne take so. Sai na ga hawaye. Ta ce tun tana da ciki ake maganar nan a kanta, mijinta da ni da nas da maƙwabta, ba wanda ya taɓa tambayarta sai yau. Na ji kunya, domin har da ni a ciki. Ta ce idan ta warke tana son na wanki da rana in tana gida, na yarwa kuma in za a fita ko za a kwanta. Cikin numfashi ɗaya ta gama abin da ya ci wa mijinta wata uku na karatu. Na riga na yanka mata yadi mai laushi, zan ɗinka mata dozin biyu, nasa masu maɓalli ya ajiye ya riƙa nuna wa baƙi.

Ba raba aure nake nema ba, Allah ya kiyaye. Auta tana son mijinta, wannan kuma tsakaninta da zuciyarta. Za ta koma ranar da likita ta ce ɗinkin ya kama, ba ranar da bincike ya nuna ba. Haƙuri kuwa, akwai wadda ya kamata a ba, tana kwance a ɗakina, kuma har yau bai hau matakalata guda uku ya ba ta ba. Ya fi masa sauƙi ya kira ka a wata ƙasa.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce mata ɗinkinta yana nan na kusa gamawa. Ka gaida babbar 'yarka mai sunan Umma, da 'yan biyu, da Sarkin Rigima, Allah ya raya mana su. Umma tana sa maka albarka, ta ce ka rage shan shayi. Auta tana gaishe ka, ta roƙe ni kada in faɗa maka komai don kada ranka ya ɓaci, na ce mata to.

Abokin aikinka da zai kawo maka takardar nan zai haɗa maka da wata 'yar leda. Nafkin ne guda ɗaya daga cikin waɗanda ɗan ƙanwarka ya kwana huɗu a ciki, ban taɓa shi ba, yadda ya fito daga guga haka na sa shi. Ba sai na naɗe shi da kyau ba, ba ya lanƙwasuwa. Ka fito da shi, ka goga a wuyanka sau goma. In ka gama kana ganin har yanzu ni ce zan ba da haƙuri, ka kira ni, zan sa mayafina in tafi.

Wassalam.

Ƙanwarka mai jin maganarka kullum, ban da wannan karon,
Tela