Sun Zana Ni a Littafinsu

Tokyo, 20 ga Agusta, 1984

Yaya Alu,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Gero ya fid da kai a Rawayau? Ni lafiya lau. Tikitin dawowa ne dai shiru, ga karatu ya ƙare tun bara.

Ina rage kaɗaici wurin wasu 'yan makarantarmu. Matasan nan sukan ɗauki jarumin labarin zane da suke so, su ƙaga masa sabon labari, su buga da kansu, su kai wata kasuwa mai ci sau biyu a shekara. Ni ke ɗinke musu shafuka.

Keiko, mai yi musu zane, ta saka ni ciki: dogon baƙo da jirginsa ya lalace a wata duniya, kullum idonsa na sama. Har tsagar fuskata ta zana. Ran kasuwar, kafin azahar an saye littafin kaf.

Na roƙe ta a littafi na gaba ta mai da shi gida. Ta yi dariya, ta ce, "Jibo, in ya koma, me za mu zana?"

Don Allah ka shiga Dutsin-Ma, ka roƙi Malam Obadiya akawu ya sake bin takardun tikitina. Inna kuwa, gaisuwar kawai za ka karanta mata.

Ƙaninka,
Jibo